Tafiya Svalbard: ka miƙe daga Oslo ko ka biyo ta Tromso?

Wani ƙanina da ke karatu a Jamus ne ya yi ta kirana kwana biyun nan, wai shi lallai sai ya leƙa Svalbard kafin ya gama ya dawo gida, ya je sayen tikiti sai ya ga hanya biyu ya rasa wacce zai ɗauka, ɗaya jirgi ya tashi daga Oslo ba ya tsayawa ko ina sai Longyearbyen, ɗayar kuma sai an sauka Tromso tukuna sannan a ƙarasa. Tambayarsa ta farko ita ce wacce ta fi kusa. Na ce masa ƙanina ai ba nan maganar take ba, in kilomita kake dubawa kusan duk ɗaya ne, abun da ya raba su yana wani wajen daban. Da na ga bayanin ya yi tsawo a waya shi ne na ce bari in zauna in rubuta, ko wani ma zai amfana.

Svalbard dai tarin tsibirai ne na ƙasar Norway, can sama tsakanin Norway ɗin da ƙuryar arewacin duniya. Babban garinsu Longyearbyen, mutanen cikinsa wajen 2,500 ne kawai, sunan ma na wani Ba'amurke ne John Longyear da ya kafa kamfanin haƙar kwal a wajen a 1906. Filin jirginsu yana kan digiri 78 arewa kuma duk duniya babu filin da ya fi shi arewa a cikin waɗanda mutum zai sayi tikiti ya hau jirgin fasinja na yau da kullum ya sauka. Daga nan zuwa ƙuryar arewa saura kamar kilomita 1,300. Ita kuma Tromso tana kan digiri 69, birni ne sosai mai mutum sama da 70,000, da jami'a da babban asibiti, filin jirginta Langnes tun 1964 yake aiki.

Toh ga lissafin. Daga Tromso zuwa Longyearbyen a sama kilomita 957 ne ko kusa da haka, wato ya ɗan ɗara Kano zuwa Legas, jirgi yana cinye shi a awa 1 da minti 35 zuwa 45. Daga Oslo zuwa Tromso wajen kilomita 1,115, awa 2 ba kaɗan. In ka haɗa biyun ka samu kamar 2,070. Shi kuma mai miƙewa daga Oslo kai tsaye kilomita 2,010 da ɗan wani abu zai yi, a cikin awa 3 ko ƙasa da haka da 'yan mintuna. Ka ga kenan duk ratsen da ake magana bai wuce kilomita 60 ba, wanda a gudun jirgi minti biyar ne, dalili kuwa Tromso kusan a kan layin take, ko mai miƙewar ma ta saman arewacin Norway ɗin yake wucewa. Amma in ka duba agogo sai ka ga mai tsayawa Tromso yana cin awa 4 da kwata zuwa 4 da rabi in jirgi ɗaya ne ya sauka ya sake tashi, in kuma canjin jirgi ne yana iya kai awa 6, 7, ko ma ya zama kwana. Wannan awa ɗaya da rabi da ta ƙaru ba a sama take tafiya ba, a ƙasa take tafiya, sauka da tashi sau biyu, layin duba fasfo, shan mai, in lokacin sanyi ne kuma a fesa wa fukafukan jirgi ruwan maganin ƙanƙara kafin ya tashi.

Mutane da yawa suna ɗaukar nisan su raba da gudun jirgi su ce ai kilomita 957 a gudun 800 awa ɗaya da minti goma ne, me ya sa aka rubuta awa 1 da 40 a tikiti. Lokacin da ke kan tikiti daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake ne har ya tsaya a can, da tafiyarsa a ƙasa da hawansa da saukowarsa a hankali duk a ciki, shi ya sa gajeriyar tafiya kullum take zama kamar ta fi cin lokaci in ka gwada da nisanta.

Yanzu maganar da ta fi komai, dan Allah duk mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru ya karanta wannan da kyau. Svalbard ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake zagawa da biza ɗaya ba duba fasfo a tsakaninsu, duk da cewa ta Norway ce. Akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris a 1920, ta fara aiki a 1925, ita ta ba Norway mulkin wajen, kuma har yau ba a neman biza don shiga Svalbard ita kanta. Wannan ne yake ruɗar mutane, sai ka ji ana yaɗawa wai ga wata ƙasa a Turai da ake zuwa babu biza. Eh babu biza a can, amma ta ina za ka bi? Jiragen fasinja na yau da kullum daga Oslo ne ko Tromso, kuma duka biyun cikin Shengen suke. Ka sauka Oslo ko Frankfurt an ƙirga maka shiga ta ɗaya, ka hau jirgin Svalbard an ƙirga maka fita, toh ranar dawowa shiga ta biyu kake buƙata. Wanda bizarsa ta shiga ɗaya ce ya riga ya cinye ta tun ranar da ya tashi, ya zama ba shi da hanyar komawa gida sai ta ƙofar da ta rufe. Saboda haka tun wajen cike takardar neman biza ka faɗa musu Svalbard za ka, ka nemi mai shiga biyu ko mai shiga da yawa, kuma in ta fito ka duba da idonka abun da aka rubuta a kai kafin ka biya kuɗin tikiti. Wanda ke da katin zama na wata ƙasar Shengen irin ƙanina shi wannan bai dame shi ba, amma ya tabbata katin bai ƙare ba kuma ya riƙe fasfonsa a hannu, katin shi kaɗai ba ya wadatarwa.

Kuma tunda na taɓo maganar bari in ƙarasa ta. Masu tunanin su je can su zauna neman aiki saboda ba biza, wallahi ku yi tunani sosai. Dokar wajen ita ce dole ka iya riƙe kanka, gwamnan tsibirin da suke kira Sysselmester yana da ikon mayar da wanda ba shi da abun ci da wurin kwana, gidajen garin yawancinsu na kamfanoni ne da hukuma suna ba ma'aikatansu, kuma shekarun da ka yi a Svalbard ba a lissafa maka su wajen neman izinin zama a Norway. Wajen ziyara ne da karatu da bincike, akwai cibiyar jami'a UNIS tun 1993, wanda ya samu gurbi a nan ya samu hanya mai kyau.

Ina ake duba fasfon, nan ne hanyoyin biyu suka bambanta a aikace. Mai miƙewa a Oslo ake duba shi, a filin Gardermoen, ya bi ta ɓangaren masu fita waje kamar mai zuwa Ingila, daga nan shikenan ya zauna sai Longyearbyen. Mai biyowa ta Tromso kuwa tashinsa daga Oslo tafiyar cikin gida ce, in an sauka Tromso kowa sai ya fito da jakarsa ta hannu ko da jirgin ɗaya ne zai ci gaba, a bi layi a duba fasfo a sake shiga. A dawowa ma haka, har da kwastam, don Svalbard ba ta cikin yankin harajin Norway, kaya a can ba harajin saye a kansu, saboda haka in ka shigo ana ɗaukarka kamar wanda ya zo daga waje. Tun a Longyearbyen wajen ba da babbar jaka ka tambaya ko za ta wuce har inda za ka ko sai ka ɗauke ta a Tromso ka sake bayarwa. Mu masu koren fasfo kuma mun san yadda abun yake, na gabanka ɗan Turai sakan goma ya wuce, kai sai an buɗe shafi-shafi an tambaye ka ina za ka kwana, yaushe za ka koma. Ba wulaƙanci ba ne aikinsu ne, amma lokaci yake ci, kuma in tsakanin jiragenka minti 40 ne ranka zai tashi.

Kamfanoni biyu ne suke wannan hanya, SAS da Norwegian, da jirage irin su Airbus A320 da Boeing 737, wato irin waɗanda muka saba gani tsakanin Abuja da Kano, ba ƙananan masu farfela ba. Wanda ke tsayawa Tromso da wanda ke miƙewa yana canzawa daga rana zuwa rana da kuma lokacin shekara, don haka kar ka ce wancan kamfanin kullum kai tsaye ne, ka buɗe bayanin jirgin ka ga ko an rubuta tsayawa ɗaya. Oslo zuwa Tromso jirage ne birjik tun asuba har dare, in ka rasa wannan ga wani nan. Longyearbyen ba haka ba ne, a rana 'yan kaɗan ne, lokacin duhu, wato watannin da rana ba ta fitowa, ma sun fi ƙaranci, wanda ya rasa nasa yana iya jira sai gobe ko jibi.

Abun da na fi so mutum ya gane game da wannan kilomita 957 ɗin shi ne ba irin na Kano zuwa Legas ba ne. A tamu hanyar in abu ya faru ga Kaduna ga Abuja ga Ilorin a ƙarƙashinka. A nan minti kaɗan da barin Tromso ƙasa ta ƙare, sai tekun Barents baƙi wuluk har ka hango tsaunukan Spitsbergen, babban tsibirin da Longyearbyen ke kai. A tsakiyar hanya akwai wani ɗan tsibiri Bjornoya, ma'anar sunan tsibirin beyar, 'yan ma'aikatan duba yanayi ne kawai a kai, babu titin da jirgin fasinja zai sauka. A Svalbard ɗin ma titin saukar babban jirgi guda ɗaya ne tal, na Ny-Alesund da ke can gaba ɗan ƙarami ne na masu bincike. Ma'ana in jirgi ya iso ya tarar da hazo ya rufe ko iska ta yi ƙarfi, babu wani wajen maƙwabta da zai raɓa, sai ya juya ya koma arewacin Norway, kuma dole tun tashinsa ya ɗauki man da zai ishe shi hakan. Shi ya sa matuƙan ba sa wasa, in rahoton yanayi bai yi musu ba sai su ƙi tashi tun farko. Filin yana bakin ruwa ne ga duwatsu kewaye, kuma mutanen wajen ba su manta da 29 ga Agusta 1996 ba, ranar da jirgin Rasha ɗauke da ma'aikatan haƙar kwal da iyalansu ya daki dutsen Operafjellet yana shirin sauka, mutum 141 suka rasu, babu haɗarin jirgi da ya kai shi muni a tarihin Norway. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, hanyar a yau lafiya lau ake binta kullum, na kawo ne don in an ce maka an ɗage tashi saboda yanayi ka san da dalili, ka yi haƙuri.

Hanyar nan ta daɗe tana da nauyi a wajen mutanen Norway. Roald Amundsen, mutumin da ya fara taka ƙuryar kudancin duniya a 1911, daga Tromso ya tashi ranar 18 ga Yuni 1928 a wani jirgin Faransa mai sauka kan ruwa, zai je Svalbard neman Umberto Nobile ɗan Italiya da jama'arsa da jirginsu ya faɗi kan ƙanƙara, su shida ne a ciki kuma ba a sake ganinsu ba, ɓaraguzai kaɗan teku ta turo. Filin Longyearbyen na yanzu sai 1975 aka buɗe shi. Kafin nan in teku ta daskare jiragen ruwa suka daina zuwa, garin a yanke yake wata da watanni, sai dai jirgin da kan sauka jefi-jefi kan daskararriyar ƙasa a kwarin Adventdalen. Duk sanda na tuna wannan sai in ga awa 1 da minti 40 ɗin nan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Titin kansa a kan ƙasar da ba ta narkewa rani da damina aka shimfiɗa shi, yanzu da duniya ke ɗumama ƙasar ta fara saki, kullum cikin gyara suke.

Toh idan yanayi ya ɓaci wa ya fi shan wahala, mai miƙewa ko mai ratse? A ganina mai miƙewa da tikiti ɗaya ya fi kwanciyar hankali, abu ɗaya ne zai iya lalacewa. Mai ratse yana da wurare biyu da yanayi zai iya tare shi, don Tromso ma dusar ƙanƙara tana zuba mata sosai. Amma wanda ya fi kowa shiga uku shi ne wanda ya ga araha ya sayi tikiti biyu daban-daban, wannan kamfani zuwa Tromso wancan kamfani zuwa Longyearbyen, ya bar awa ɗaya a tsakani. In na farko ya makara na biyu ba ruwansa, kuɗinka ya tafi, sai ka sayi sabo a farashin ranar, ga otal da ka biya a can yana ƙirga maka kwana. Na ga wanda hakan ta faru da shi a filin Tromso, bawan Allah ya zauna kan jakarsa ya rasa abun cewa. In dai za ka raba tikiti toh ka raba da kwana a tsakani. Haka a dawowa, kar ka haɗa saukowa daga Svalbard da babban jirginka na komawa Abuja ko Kano ko Yamai a rana ɗaya, ka bar kwana guda, don tikitin Istanbul ko Doha ko Adis Ababa da ya wuce ka ya fi kuɗin otal na dare ɗaya ciwo nesa ba kusa ba.

Duk da haka ni dai in mutum karonsa na farko ne kuma yana da kwanaki, Tromso nake ce masa ya bi, ya kwana biyu a nan, kuma ina da dalilai. Na farko sanyi. Tromso duk da arewacinta ruwan ɗumi na teku yana taimakonta, a Janairu sanyin yana wasa ne wajen digiri 3 ko 4 ƙasa da sifiri, Longyearbyen kuwa 12, 15 ƙasa da sifiri abu ne na kullum, wata rana ya zarce 25, ga iska mai yanka fuska. Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne hunturun Jos ko na Agadas gara jikinsa ya fara ɗanɗana na Tromso, ya gane ko takalminsa da safar hannunsa na kirki ne ko na ado, ya gyara kafin ya ƙarasa. A Longyearbyen babu rumfar nan da ake jonawa da ƙofar jirgi, matakala za ka sauko ka taka a fili zuwa cikin gini, saboda haka rigar sanyi da hula su kasance a hannunka, kar ka tura su cikin babbar jaka.

Na biyu hasken nan mai launin kore da ke rawa a sama da dare, wanda yawancin masu zuwa shi suke nema. Mutane suna zaton duk yadda ka ƙara arewa haka yake ƙara yawa, ba haka ba ne. Hasken yana yin kamar zobe ne kewaye da kan duniya, Tromso tana ƙarƙashin zoben daidai, Svalbard kuwa ta ɗan wuce shi ta ciki. Ana ganinsa a Svalbard, har ma da tsakar rana a lokacin duhu wanda abun mamaki ne, amma in shi ne ya fito da kai daga gida toh daren Tromso ya fi maka. Wanda ya miƙe daga Oslo ya tsallake wannan gaba ɗaya.

Na uku kuma sallah da abinci. A Tromso akwai masallaci, Alnor, a tsakiyar gari, ana Juma'a, akwai musulmi daga ƙasashe da dama da shagunan da za ka samu abun da ka yarda da shi. A Longyearbyen babban kanti ɗaya ne, kar ka sa rai da naman halal, kifi da gwangwani da abun da ka ɗauko za su riƙe ka, ɗan garin rogo ko dabino a jaka ba zai yi maka nauyi ba. Lokacin sallah kuma sai ka je za ka gane girman tambayar. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har wajen 22 ga Agusta, wata huɗu cur, sannan daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa sam, tsakiyar wannan lokacin ƙarfe 12 na rana da 12 na dare ba su da bambanci. A Tromso abun ya fi sauƙi, rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa 20 da wani abu ga Yuli, ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, kuma ko a lokacin akwai ɗan haske kamar na bayan asuba na 'yan awanni. Jama'ar Alnor lokacin Makka suke bi a watannin da rana ta ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa, bisa fatawar da suka nema. Ni na fi son mutum ya zauna da su ya ji daga bakinsu, ya karɓi jadawalin, ya kuma tambayi malaminsa tun a gida, da ya dogara da manhajar waya da za ta nuna masa lokutan da ba su da kan gado. Alƙibla ma a can kudu take, ta ɗan karkata gabas, wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro sai ya kula. Agogo dai ba matsala, Oslo da Tromso da Longyearbyen lokacinsu ɗaya, a watannin sanyi daidai yake da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da mu da awa ɗaya.

Wa ya kamata ya miƙe kenan? Wanda hutunsa kwana uku ko huɗu ne, gaskiya kar ya ɓata ko rabin yini, ya hau na kai tsaye ya sauka da ƙarfinsa. Mai tafiya da yara ƙanana ko dattijo, fita da shiga da layin fasfo a tsakiyar tafiya wahala ce da ba dole ba. Wanda ya riga ya kwana a hanya daga gida, awa goma sha a jirage biyu, shi ma ya huta a Oslo ya miƙe. Sai mai zuwa taro ko karatu da aka sa wa rana. Da kuma wanda aljihunsa ba nauyi, don Tromso a lokacin sanyi cike take da baƙi masu neman hasken nan, otal yana tsada ƙwarai, kwana biyu a nan zai iya cinye duk rarar da ka samu a tikiti har ya ƙara. Farashin tikitin kansa ba shi da tsayayyen tsari, wata rana mai tsayawa ya fi araha wata rana mai miƙewa, abun da na lura kawai shi ne wanda ya saya da wuri shi ke cin riba, bazara da kuma Maris zuwa Afrilu kujeru suna ƙarewa da sauri.

Akwai kuma hanya ta uku da mutane ba su cika lura da ita ba, wato ka tsallake Oslo ɗin gaba ɗaya. Tromso yanzu tana da jirage kai tsaye daga wasu biranen Turai irin su Frankfurt da Landan da Helsinki, musamman lokacin sanyi. Ga wanda ke Jamus irin ƙanina wannan ita ce ta fi ma'ana, ya tashi ya sauka Tromso ya kwana biyu ya ƙarasa awa 1 da 40, a dawowa kuma ya miƙe Oslo a awa 3 ya wuce gida. Ya ga duka biyun, kuma layin fasfon Tromso sau ɗaya kawai ya bi. Ta ruwa kuwa babu jirgin fasinja na kullum, sai na yawon shaƙatawa a bazara masu cin kwanaki da kuɗi mai yawa.

Kowace ka ɗauka ka yi inshorar tafiya da ta ambaci Svalbard, don asibitin Longyearbyen ƙarami ne, ciwo in ya yi tsanani jirgin asibiti ne zai kwashe ka ya bi wannan kilomita 957 ɗin zuwa Tromso, mata masu ciki ma ana tura su can makonni kafin haihuwa, kuma katin lafiya na Turai da ɗalibai ke riƙewa ba ya aiki a tsibirin. In ka sauka akwai bas da ke jiran kowane jirgi yana zaga otal-otal, garin kilomita 5 ne kawai, amma kar ka ce za ka fita bayan gari da ƙafa kai kaɗai, farin beyar ba labari ba ne, duk mai wuce allon gargaɗin beyar da ke bakin gari sai da abun kariya ko ɗan jagora mai bindiga. Otal da gidan tarihi da wurare da yawa ana cire takalmi a ƙofa, al'adar da ta samo asali tun zamanin masu haƙar kwal, wannan kam mu ba baƙonmu ba ne.

In da haske ranar da ka sauka, kana fitowa daga filin ka ɗaga kai ka dubi dutsen da ke sama da shi, za ka ga wani ɗan gini siriri na kankare ya leƙo daga cikin dutsen. Ƙofar rumbun irin shuka na duniya ce da aka buɗe a Fabrairun 2008, ba a barin baƙi su shiga, amma cikin akwatunan farko da suka isa wajen akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da irin wake da masara na ƙasashenmu a ciki. Ƙanina dai ya yanke shawara, ta Tromso zai je ya dawo ta Oslo, a watan Maris, lokacin rana ta dawo garin kuma ƙanƙara ba ta narke ba, na ce masa ya ɗauko min hoton ƙofar nan.